Raddi Ga Masu Yabon Tomas Mor: Saura Ma Da Mai Ita

A zaman ƙungiyarmu na watan jiya wani ɗan'uwanmu ɗalibi ya miƙe ya karanta mana doguwar takarda a kan Tomas Mor, Baturen Ingila, da littafinsa mai suna Yutofiya. Ba zan ambaci sunan ɗan'uwan nan ba, domin da maganarsa nake faɗa, shi kuwa muna gaisawa. Ya kira Mor uban gurguzu, ya kira shi gatan talakawa, har ya ce shi ne Bature na farko da ya zub da hawaye saboda manomi. Daga ƙarshe ya kawo shawara ƙungiya ta ɗauki nauyin juya littafin zuwa Hausa, amma a taƙaice, watau a tsinci wuraren da ya kira masu amfani a bar sauran. Zaure ya ɗauki tafi. Wani malaminmu ma ya ce a shigar da shawarar cikin littafin taro. Na ɗaga hannu, shugaba ya ce lokaci ya ƙure. To, tun da an hana ni baki, ga alƙalami.

Bari in fara da ba mutumin haƙƙinsa, kada a ce ƙiyayya ce ta sa ni magana. An haifi Mor a Landan a 1478. Lauya ne, masani ne, abokin Irasmus ne. A 1515 Sarki Henri na Takwas ya aike shi ƙasar Filandas cikin tawagar sasanta rikicin ciniki, kuma a zaman da ya yi can, musamman a birnin Antwaf, ya soma rubuta littafin. An buga shi da Latin a garin Luben a 1516, bai fito da Ingilishi ba sai a 1551. A 1529 Mor ya zama babban wazirin shari'a na Ingila, a 1535 kuwa sarkin da ya ɗaga shi ya sa aka fille masa kai, saboda ya ƙi amincewa da cewa sarki ne shugaban coci. Mutumin da ya zaɓi gatari a kan ƙarya ba ƙaramin mutum ba ne, wannan kam na sallama. A 1918 'yan gurguzun Rasha suka sassaƙa sunansa a jikin wani ginshiƙin dutse kusa da fadar Kiremlin a Masko, jere da na Markis da Engels, sunan ya zauna a can har 2013 da aka maido da ginshiƙin kamanninsa na zamanin sarakuna. A 1935 Fafaroma ya shigar da shi cikin waliyyai, a 2000 kuma aka naɗa shi majiɓincin 'yan siyasa. Jama'a, duk mutumin da Fafaroma da Lenin suka haɗu a kan yabonsa, ai ya kamata ɗalibi ya koma ya karanta shi da kansa, ko ɗayansu ya tsallake wani shafi.

Abin da mai takarda ya karanta mana daga kashin farko na littafin gaskiya ne, kuma yana da daɗin ji. A nan ne Mor ya sa wani matafiyi ya kwance wa manyan Ingila zani a kasuwa. Ya ce ana rataye ɓarayi har ashirin a gungume guda amma sata ba ta raguwa, domin masu ƙasa, da su da wasu shugabannin gidajen ibada, sun ga ulu ya yi tsada, sai suka kori manoma daga gonakin da suka gada, suka rushe ƙauyuka, suka kewaye filaye da shinge suka zuba tumaki. Har ya siffanta tumakin da cewa sun koma cin mutane. Wanda aka kora ya sayar da ɗan komatsansa a wulaƙance, ya shiga yawo da iyali, in ya yi bara a ɗaure shi, in ya yi sata a rataye shi. Duk wanda ya karanta wannan sai jikinsa ya yi sanyi. Ni ma ya yi.

Amma ina aka sa tsibirin nan na Yutofiya? Mai takarda ya ce mana ƙasar mafarki ce, ya wuce. Alhali kuwa Mor da kansa ya faɗi inda ta dosa. Matafiyin nan mai ba da labari, Rafayel Hitlodi, an ce mutumin Fotugal ne wanda ya bi Amerigo Besfuci a uku daga cikin tafiye-tafiyensa huɗu, yana kuma cikin mutum 24 da aka bari a wani sansani a gaɓar sabuwar duniya, daga can ne ya yi ta yawo har ya faɗa tsibirin ya zauna sama da shekara biyar. Wasiƙun da aka danganta wa Besfuci suna yawo hannu-hannu a Turai a lokacin, an ma haɗa su da littafin taswirar 1507 wanda ya raɗa wa nahiyar suna Amurka. Cikin wasiƙun nan an ba da labarin mutanen da ba su da abin da ake kira nawa ni kaɗai, komai na kowa ne, kuma zinariya da lu'ulu'u ba su ɗaɗa su da ƙasa ba. Ashe wani abu daga cikin kyawawan halayen da Mor ya yi wa Yutofiyawa ado da su, a bakin ƙofar mutanen Amurka na asali ya tsinto shi. Mu riƙe wannan, mu ga irin tukuicin da ya ba su.

Yana nan a kashi na biyu, kuma ba a babin yaƙi ba, inda mai karatu zai shiga da shirinsa. An ɓoye shi ne cikin babin zaman iyali, tsakanin lissafin gidaje da bayanin kasuwa da ɗakunan cin abinci. Tsibirin yana da birane 54. Kowane birni gida 6,000 ne, kowane gida kuma ba a yarda baligai su kasa 10 ko su wuce 16 ba. In gida ya cika a rage a kai wani, in birni ya cika a rage a kai wani. To, in tsibirin duka ya cika fa? Sai a ɗebi mutane daga kowane birni a haye da su babban yankin da ke maƙwabtaka, a nemi inda 'yan ƙasa suke da fili mai yawa da ba su noma, a kafa gari bisa dokokin Yutofiya. In 'yan ƙasa sun yarda su zauna ƙarƙashin waɗannan dokoki, madalla, a haɗe a zama ɗaya, wai kowa ya amfana. In sun ƙi, a kore su daga iyakar da baƙi suka shata wa kansu. In sun yi turjiya, a yaƙe su. Sa'an nan littafin ya ƙara da cewa a wurin Yutofiyawa babu yaƙin da ya kai wannan halacci, domin mutanen da suka riƙe ƙasa ba su amfani da ita, suka kuma hana waɗanda ɗabi'a ta ba haƙƙin ci daga gare ta, sun cancanci a far musu.

Wannan shi ne shafin da ake so a tsallake mana in an zo juyi.

Ɗan'uwana mai takarda, kai ɗan manomi ne kamar yawancinmu. Ka san saura. Ka san gonar da aka bari ta huta shekara uku ko huɗu, ciyawa ta rufe ta, sabara ta tsiro, baƙo ya wuce ya ce daji ne, alhali kowane yaro a ƙauyen ya san mai ita, ya san kukar da ta raba ta da ta maƙwabci. Ka san makiyaya da burtali, ka san fadamar da ba a taɓa ta sai rani, ka san kurmin da ake shiga neman itace da zuma da magani. Wanne daga cikin waɗannan ne ba ya cikin amfani? To, a shari'ar Yutofiya wa zai yanke hukuncin cewa fili banza yake zaune? Wanda yake son filin, shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, kuma takobi yana hannunsa. Kura ce aka ba ajiyar akuya, aka kuma ce ita za ta faɗi ko akuyar tana da mai ita. Ba a ce a tambayi 'yan ƙasa me suke yi da filin ba. Ba a ce a saya ba, ba a ce a ara ba, ba a ce a biya galla ba. Baƙo ya cika gidansa da haihuwa, sai cikar ta zama hujja a kan wanda bai san ma ana yi ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, hujjar nan ita ce dai hujjar masu tumaki. Mai ƙasa a Ingila da ya kori manomi, me ya ce? Cewa ya yi filin zai fi kawo amfani a hannunsa. Mor ya ji wannan ya ce zalunci ne, ya kuwa yi gaskiya. Shafuka kaɗan a gaba sai ga mutanensa na kirki sun haye ruwa sun ce wa wasu filinku zai fi amfani a hannunmu, wannan karon sunansa adalci mafi girma. In tunkiya ta kori Bature mai garma, kuka. In mai garma ya kori wanda ba Bature ba, dokar ɗabi'a. Bil hasali ma abubuwan biyu sun zo sun haɗu a tarihi, domin talakawan da shinge ya kora su ne daga baya aka yi ta lodawa a jiragen ruwa. Rica Hakulit ya rubuta wa Sarauniya Elizabet a 1584 cewa sababbin ƙasashe za su kwashe wa Ingila marasa aikin yi, a 1619 kuma aka tattara yara kimanin ɗari daga titunan Landan aka tura su Bajiniya. Wanda aka kora a gida shi aka mayar sandar korar wani a ƙetare, mai tumaki kuwa yana zaune yana ƙirga ulu.

Su wa ma ake cewa ba su iya amfani da ƙasa ba? Ka dubi kwanon da ke gabanka. Masara, rogo, gyaɗa, dankali, tumatir, barkono, duk daga gonakin mutanen Amurka na asali suka fito, su suka hore su tun daga tsiron daji shekaru dubbai kafin jirgin Kolombas ya taɓa gaɓarsu a 1492. Dalar gyaɗar da Kano ta yi alfahari da ita a da, irin da aka shuka ta da shi gadon waɗannan mutane ne. Da Ingilishi suka sauka Jemstawun a 1607 da masarar mutanen Fawatan suka rayu, da aka rufe musu rumbu kuwa, a hunturun 1609 zuwa 1610, yunwa ta cinye su har saura kimanin mutum 60. Waɗanda suka sauka Filimas a 1620 sun fara da tone masarar da 'yan ƙasa suka binne don ajiya, sa'an nan suka kafa garinsu a kan gonakin da aka riga aka share, na wani ƙauye da annoba ta shafe 'yan shekaru kafin zuwansu, annobar da ake kyautata zaton jiragen Turai ne suka kawo ta. Wani ɗan ƙauyen da ya tsira, Tiskwantum, shi ya koya musu shuka. Kaico! Ka ci tuwon mutum, ka zauna a kufansa, ka juyo ka ce bai san noma ba.

Na san amsar farko da za a ba ni: ai ba korarsu ake yi kai tsaye ba, ana gayyatarsu su shigo cikin kyakkyawan tsari. Wace irin gayyata ce wadda in ka ce a'a za a kore ka, in ka tsaya za a kashe ka? Sifaniyawa suna da irinta. A 1513 aka rubuta musu wata takarda da ake karanta wa mutanen gari kafin a far musu, da harshen da ba su ji, wani lokaci ma daga nesa, ana kiransu su miƙa wuya ga coci da sarki, in sun ƙi to jininsu yana wuyansu. Kowa yau yana yi wa takardar nan dariya mai ɗaci. Gayyatar Yutofiya ƙanwarta ce, an dai yi mata kitso. Daɗin daɗawa, tsibirin kansa da yaƙi aka same shi. Littafin ya ce sunansa na da Abraksa, Sarki Yutofus ya ci shi da yaƙi, ya sa 'yan ƙasa da sojansa suka haƙa mil 15 suka yanke shi daga babban yanki, shi ne kuma wai ya fitar da mazauna wurin daga duhun kai. Wannan labari mun san shi, mun sha jin sa a bakin waɗanda suka zo fitar da mu daga duhu. Kuma in annoba ta rage mutanen tsibirin, sai a kira na ƙetare su komo, domin gara garuruwan mallaka su mutu da birni ɗaya na gida ya ragu. Su kuwa 'yan ƙasar da aka rushe musu tsarinsu aka haɗe su, ko oho.

In mai juyi ya ce zai cire wannan shafi kaɗai, aiki na gabansa, don ba shi kaɗai ba ne. A ƙasar nan da ake aiki awa shida a yini akwai bayi, su ke yanka da wanke ƙazanta da duk aikin da ɗan ƙasa yake ƙyama, sarƙoƙinsu kuwa na zinariya ne, sai ka ce nauyin sarƙa yana raguwa in ta yi ƙyalli. Akwai wata ƙabila ta mutanen duwatsu, Zafoliti, da ake haya don yaƙi, a tura su inda ya fi haɗari, littafin kuma ya faɗa ƙarara cewa Yutofiyawa ba su damu ko nawa suka mutu ba, har suna ganin da za su share irinsu daga duniya da sun yi wa 'yan Adam alheri. In an ci wata ƙasa da yaƙi ana karɓar diyya da kuɗi da filaye, har kuɗin shigar filayen ya haura duka 700,000 a shekara, duka kuwa tsabar zinariya ce ta wancan zamani, a tura wasu 'yan tsibirin su zauna can cikin ƙasaita suna tarawa. Maƙwabta kuma wai da kansu suke roƙo a aiko musu Yutofiyawa su mulke su, wasu na shekara guda, wasu na shekara biyar, saboda baƙo ba ya cin hanci ba ya son kai. Malamai, in wannan ba Razdan da Di'o ba ne, a faɗa mini ko mene ne.

Amsa ta biyu ita ce wadda masu ilmin adabi suka fi so: ai wasa yake yi. Sunan Yutofiya da Girkanci ma'anarsa babu wuri, sunan Hitlodi ma'anarsa mai zuba shirme, kogin babban birnin sunansa marar ruwa. Saboda haka wai kada a kama Mor da abin da mai shirme ya faɗa. Na ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, littafin cike yake da ba'a. Amma fa mai takarda ba shi da ikon fakewa a nan. A ƙarshen littafin, inda Mor ya yi magana da sunansa, ya ce abubuwa da dama a tsarin tsibirin bai ga hankali a cikinsu ba. Ya ambaci yadda suke yaƙi da ibadunsu a gurguje, sa'an nan ya ce babban abin da ya fi ƙi shi ne tushen tsarin duka, watau tarayya a dukiya da rashin kuɗi. To, ga tsaka mai wuya. In bakin Hitlodi ne bakin Mor, uban gurguzu shi ne kuma mai halatta ƙwace. In kuwa Mor na ƙarshen littafi ne na gaskiya, to gurguzun ne abin da ya fi yi wa dariya. Ba a yanka kaza a ce cinya ta halatta, fiffike mushe ne. Ba zai yiwu duk abin da ya yi mana daɗi ya zama da gaske yake, duk abin da ya ba mu kunya ya zama wasa ba.

Ko da wasa ne, a gidan Mor akwai wanda bai ɗauki sabuwar duniya da wasa ba. Jon Rastel, mijin ƙanwarsa Elizabet, ya shirya jiragen ruwa a 1517, watanni kaɗan bayan fitowar littafin, da takardar sarki a hannu, da nufin zuwa sababbin ƙasashen arewacin Amurka. Matuƙa suka yi masa tawaye, tafiya ta ƙare a Ayalan. Da abin ya ƙi, sai ya rubuta wasan kwaikwayo yana takaicin yadda Ingilishi ba su riga kowa mallakar waɗannan ƙasashe ba. Ban ce Mor ne ya aike shi ba. Cewa na yi maganar haye ruwa a kafa gari a ƙasar wasu magana ce da ake yi a kan tabarmar gidansu, ba a cikin gajimare ba.

Amsa ta uku ita ce ta ragwaye: mutumin zamaninsa ne, kada a auna shi da mudun yau. To, mu auna shi da mudun zamaninsa. A Disamba 1511, shekara biyar kafin Yutofiya, wani limamin Kirista mai suna Antoniyo Montesinos ya hau mumbari a Santo Domingo ya tambayi Sifaniyawa da wane haƙƙi suke bautar da mutanen tsibirin, ko su ba mutane ba ne. A 1514 Bartolome Las Kasas ya saki mutanen da aka ba shi su yi masa bauta, ya shiga fafutukar da ya yi har mutuwarsa. A shekarar nan ce ƙidayar da Sifaniyawa suka yi a Hisfaniyola ta nuna 'yan ƙasar da suka rage ba su kai 30,000 ba, tsibirin da yawancin masana ke ƙiyasta mutanensa sun haura 100,000 kafin zuwan Kolombas. A 1539 Faransisko Bitoriya ya karantar a jami'ar Salamanka cewa gano ƙasa ba ya ba kowa mallakarta, domin ƙasashen nan suna da masu su, ko da yake shi ma ya buɗe wa yaƙi wasu ƙofofin. Duk waɗannan 'yan cocin Mor ne, 'yan zamaninsa ne. Ko a Ingila, Faransis Bekon, wanda yake da hannun jari a kamfanin Bajiniya, ya rubuta a 1625 cewa ya fi son a kafa gari inda ba sai an tumɓuke wasu ba, in ba haka ba abin ya tashi daga shuka ya koma cirewa. Ashe ana iya gani a wancan zamani, ga wanda ya so ya gani. Mor ɗin da ya rubuta cewa a Yutofiya ba a tsananta wa kowa saboda addininsa, a shekaru ukun da ya riƙe wazirci an ƙone mutum shida da ransu saboda aƙida, amma wannan zance ne na wata rana.

Abu guda zan ba mai takarda kyauta, tun da bai kawo shi ba. Wani alƙalin Sifaniya a Meksiko, Basko Kiroga, ya karanta Yutofiya ya kafa wa 'yan ƙasa garuruwa biyu a 1532 da 1533 bisa tsarinta, da gonakin tarayya da aikin awa shida da gidan jinya, har yau kuwa ana tunawa da shi da alheri a yankin Micowakan. Wannan ya faru. Sai dai a lura, bayan an ci ƙasar da yaƙi aka yi shi, kuma baƙo ne ya tsara wa masu gida yadda za su zauna a gidansu.

Abin da ya biyo baya ba mai daɗi ba ne. A Nuwamba 1622 mawaƙi Jon Don, wanda ya zama babban limami a Landan, ya yi wa 'yan kamfanin Bajiniya wa'azi. Ya gargaɗe su kan kwaɗayi, gaskiya ne, amma ya kuma ce musu ƙasar da mazaunanta ba su cika ta yadda za ta ba da amfaninta ba, halal ce ga wanda zai kama ta. Don ɗin nan kuwa tattaɓa-kunnen Elizabet ne, ƙanwar Mor, matar Rastel. A 1629 Jon Wintirof, kafin ya tashi zuwa Masacusets, ya kafa hujja da cewa 'yan ƙasar ba su kewaye fili da shinge, ba su da dabbobin gida, don haka in an bar musu abin da zai ishe su sauran na mai ɗauka ne. Dubi yadda shingen da Mor ya la'anta ya koma shi ne shaidar mallaka! Sa'an nan Jon Lok, wanda ya yi wa masu mallakar Karolina sakatare, ya zo a ƙarshen ƙarnin ya ɗinke abin ya zama falsafa: gumin da ka zuba a ƙasa shi ke mayar da ita taka, wanda bai nome ta irin noman Ingila ba kuwa ya bar ta a banza. Ba na da'awar cewa kowannensu daga Mor ya kwafa, domin hujjar tana da saiwoyi a dokar Rumawa da cikin yadda suka fassara littafinsu mai tsarki. Amma Mor yana cikin na farkon da suka zayyana ta a fili game da sababbin ƙasashe, tun Ingila ba ta da ko taku ɗaya a Amurka, ya kuma sa ta a bakin mutanen da ya nuna sun fi kowa hankali da tausayi. Mugu in ya faɗi mugun abu ana gane shi. Wanda ya fi ɓarna shi ne mutumin kirki da ya ba ƙwace suna mai kyau.

Da wannan hujja aka riƙe Ostireliya a matsayin ƙasar da ba ta da mai ita, har sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta rushe wannan ƙarya a shari'ar Mabo. Da ita aka yi dokar filayen Kenya ta 1902, wadda ta ba gwamnati ikon raba wa Turawa filin da ba a ga 'yan ƙasa zaune a kai ba, aka kuma tashi Masai daga makiyayarsu a 1904, aka sake tashinsu a 1911. Mu nan Arewa ba a kawo mana Turawa manoma ba, Lugga da ƙarfin bindiga ya kafa hujjarsa a Sakkwato a 1903. Amma a littafinsa na 1922 ya rubuta cewa arzikin ƙasashe masu zafi gadon 'yan Adam ne duka, kuma mazauna cikinsu ba su da haƙƙin hana shi ga masu bukatarsa. Ka ajiye wannan kusa da shafin Yutofiya ka karanta su tare, shekara 406 ce tsakaninsu, kamar uwa ɗaya ta haife su.

Saboda haka ban ce kada a juya littafin ba. A juya shi, ina ma goyon baya, labarin tumakin nan ya cancanci kowane ɗan sakandare ya karanta shi da harshensa. Abin da na ƙi shi ne taƙaitawar da za ta miƙa wa yaranmu hawayen ta ɓoye takobin, su tashi suna kiran mutumin gatansu alhali a tsarinsa kakanninsu suna cikin waɗanda za a shata wa iyaka. A juya shi duka, da bayinsa, da Zafolitinsa, da masu tara masa haraji a ƙetare. Wurin da nake magana a kai bai cika shafi guda ba a bugun da ke ɗakin karatu. In mai takarda ya ga ya yi masa nauyi, ni zan juya shi in miƙa wa sakatare kafin zama na gaba, in kuwa shugaba ya sake cewa lokaci ya ƙure, zan liƙa shi a ƙofar zaure.